Yadda ake hawan dutse da keke a cikin ɗaki: turbo, sansar kadans da waya

Duk mai tuƙa keken tsere a Maradi ya san ƙasarmu a shimfiɗe take, ka miƙi hanyar Tibiri, ko ta Madarunfa, ko ka nufi Ɗan Isa, ba za ka gamu da hawan da zai riƙe ka minti ashirin kana nishi ba. Ga zafin watan huɗu da na biyar da ke wuce 40, ga ƙurar hunturu, ga manyan motoci da ƴan kabu-kabu a kan kwalta. Shi ya sa nake son turbo, wato ƙarfen nan da ake ɗora tayar baya a kai ka yi ta tuƙi kana wuri ɗaya. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: hawan dutse nauyi ne a ƙafa, da juyin feda da ka iya riƙewa, da tsawon lokaci. Duk ukun ana samunsu a tsakar gida in ka san yadda za ka haɗa.

Kayan da za ka tanada

Keke. Na tsere ya fi, amma duk mai giya zai yi. Wanda ba shi da giya zai takura ka sosai wajen hawan.

Turbo ɗin kansa. Iri uku za ka fi ji. Akwai mai maganaɗisu, yana da ɗan hannu mai waya da ake ɗaurewa a kan keke don ƙara nauyi ko ragewa, shi ne mafi araha. Akwai mai mai a ciki, wannan nauyinsa na ƙaruwa da kansa gwargwadon gudun taya, kuma ƙararsa ba ta kai ta na farko ba. Sai mai wayo, irin na Wahoo ko Tacx ko Elite, wanda ke magana da waya yana ƙara nauyi da kansa in an zo hawa, wasu ma cire tayar baya ake gaba ɗaya a ɗora sarƙa a jikinsa. Shawarata ga mai farawa, kada ka tsaya jiran na ukun, ka samu na hannu mai maganaɗisu ta wajen masu kawo kaya daga Kano ko Yamai, ka fara. In za ka saya ka juya ɗan gangar da taya ke gogawa da hannu, in ka ji tana gurnani ko tana girgiza ka bar shi.

Sansa guda biyu, wato ƴan na'urorin da ke auna tuƙinka su aika wa waya: ta kadans, wato yawan juyin feda a minti, da ta gudu. Ƴan ƙanana ne kamar murfin kwalba, suna aiki da batir CR2032 irin na agogo da rimot ɗin mota. Garmin da Wahoo na yi, Magene ta fi sauƙin kuɗi kuma tana aiki. Ka tabbata an rubuta Bluetooth a kwalin, don yawancin wayoyinmu ba su jin ANT+, ɗayar hanyar haɗin da wasu sansa ke amfani da ita.

Fanka. Wallahi in kuɗinka bai kai sansa da fanka ba, fanka za ka fara saye. Mai caji ta fi, saboda ɗauke wuta.

Sauran: famfo mai agogon iska, taya mai santsi ta baya, tsohuwar tabarmar roba ko kwali, tawul biyu, ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, guntun katako na ɗora tayar gaba, da kujera ko tebur na aje waya.

1. Zaɓi wuri

Siminti ake so, mai daidai. Kada ka kafa turbo a kan rairayi, ƙafafunsa za su nutse gefe ɗaya keken ya karkace kana kai. Shimfiɗa tabarma, tana rage ƙara tana kuma tare zufa. In ɗaki ne buɗe ƙofa da taga, in kuma kana da rumfa ko baranda ta fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Fanka a gabanka, ɗan gefe kaɗan, tana bugun ƙirji da fuska.

Dalilin da nake nanata fanka shi ne, jikin mutum cikin ƙarfin da yake ƙonawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa feda, sauran zafi ne. A hanya iskar gudu ke kwashe shi, a ɗaki babu mai kwashewa. Mutum zai ga bayan minti goma sha biyar ya galabaita ya ce ƙarfinsa ne ya gaza, alhali zafi ne ya dafa shi.

Yara kuma a kiyaye. Taya na juyawa da gudu a buɗe, yaro mai rarrafe zai iya sa hannu a wayoyinta, kuma gangar turbo tana zafi sosai bayan tuƙi.

2. Ɗora keken

Duba yadda tayarka ta baya ke ɗaure. In mai ɗan hannun buɗewa ce ba tare da sifana ba, cire sandar nan ka sa ta ƙarfe da ke zuwa da turbo, don kawunan roba na fashewa in an matse su. In kuma noti ne ta kowane gefe kamar yawancin kekunan da ke kasuwarmu, ka gwada ko notin na zama daram a cikin kofin turbo, in yana zamewa sai an samo noti mai dogon kai, mai gyaran keke zai iya nemo maka. Kada ka hau alhali gefe ɗaya bai kama da kyau ba.

Matse har keken ya tsaya cak, ka kama sirdi ka jijjiga, kada ya yi lilo. Amma ban da matsewar fitar hankali, tana ɓata akis.

Sai iska. Tayar tsere siririya ana ba ta bar 6 zuwa 7, ka duba abin da aka rubuta a gefenta kada ka wuce. Kullum iska iri ɗaya, wannan muhimmi ne, don in yau taya ta yi taushi gobe ta yi tauri lissafin da waya ke ba ka ba zai taɓa zama ɗaya ba. Juya maƙullin ganga har ta taɓa taya, sannan ka ƙara juyi biyu zuwa uku. Gwaji: riƙe gangar, ka fizgi taya da hannu, in ta zame ƙara rabin juyi. In kana tuƙi ka ji ƙyiii duk sanda ka danna da ƙarfi, ko ka ga baƙin gari na zuba a ƙasa, taya ce ke zamewa tana cinyewa.

Taya mai ƙuraje irin ta keken daji ba ta yi. Ƙararta za ta tada gida har maƙwabta, kuma cikin ɗan lokaci za ta sude. Sa tsohuwar taya mai santsi, ka aje mai kyau don hanya.

3. Daidaita zama

Turbo na ɗaga baya kaɗan, sai ka sa katako ƙarƙashin tayar gaba har keken ya daidaita, in ba haka ba nauyinka zai zube a hannu yatsu su riƙa mutuwa. Wasu na tara bulo biyu uku a gaba wai su yi dutse. Wannan zama kawai yake canzawa, ba ya ƙara wa ƙafa nauyi ko kaɗan.

Tsawon sirdi: zauna, ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka maida tafin gaba kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. A ɗaki ba ka tsayawa, ba ka sakin feda a gangare, don haka sirdin da ya yi ƙasa da santimita biyu kacal zai iya sa maka ciwon gaban gwiwa. Rataya tawul ɗaya a kan keke ya rufe wuya da kusoshi, zufa gishiri ce tana cin ƙarfe.

4. Ɗaura sansa

Ta kadans a hannun feda na hagu take zama, ta ciki, da robar da ta zo da ita. Juya feda a hankali da hannu ka ga ba ta gogar jikin keke. Ta gudu kuma a cibiyar tayar baya, tsakanin wayoyi. Nan mutane ke kuskure, su ɗaura a tayar gaba kamar yadda suka saba a hanya, alhali tayar gaba a tsaye take.

Irin su Magene S3+ guda ɗaya na iya zama ta gudu ko ta kadans, amma ba duka biyu a lokaci ɗaya ba. Cire batir ka mayar shi ke canza ta, launin ƴar wutar da ta yi shi ke nuna aikin da take kai, takardar kwalin ta bayyana. Don haka biyu za ka saya. Sabuwa kuma akwai ƴar leda da ke raba batir da ƙarfe, sai an zare.

In babu sansa fa? Hanya biyu. Ta farko ƙirga: duba agogo, ƙirga sau nawa gwiwar dama ta hau cikin daƙiƙa 15, ninka sau 4. In ka samu 22, kadans ɗinka 88 ke nan a minti. Ta biyu ita na fi so. Sayi ƙaramin kwantar keke, wato agogon da ke nuna gudu, mai waya da maganaɗisu irin mai arha ɗin nan, ɗaura maganaɗisun a hannun feda, kan mai karantawa a jikin keke daidai inda zai wuce, sannan wurin da ake sa girman taya ka sa 1667. Abin da zai nuna a matsayin gudu shi ne kadans ɗinka: 9.0 na nufin 90, 7.5 na nufin 75. Lissafi ne kawai, kuma ba ya son rezo ba ya son caji.

5. Haɗa da waya

Kunna Bluetooth, amma kada ka shiga saitin waya ka haɗa sansar a can kamar yadda ake haɗa sifika. Cikin manhajar tuƙin ake haɗawa. Juya feda da taya tukuna don su farka, barci suke in ba motsi. Wayar Android kan nemi izinin wuri ko na na'urorin kusa, ka ba ta, in ka hana ba za ta ga komai ba. Kuma yawancin sansa na kama abu ɗaya ne a lokaci ɗaya, in wata manhaja ta riƙe ta a ɓoye ɗayar ba za ta gan ta ba, rufe sauran duka.

Manhajoji: Zwift ita ce ta fi suna, tun 2014 take, duniyar zane ce da mutane daga ko'ina ke tuƙi tare, ana biyan wajen dalar Amurka 20 a wata. Rouvy da Kinomap bidiyon hanyoyi na gaske suke nunawa. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, amma tana son waya mai ƙarfi da turbo mai wayo. In lambobi kawai kake son gani, manhajar Wahoo kyauta ce tana nuna kadans da gudu.

In an tambaye ka girman taya, 700x25 milimita 2105 ne, 700x28 kuma 2136. Zaɓi sunan turbonka a jerin. Sannan nauyinka: hau sikeli ka rubuta gaskiya, don da shi ake lissafin gudunka a hawa. Wanda ya rage kilo goma a abin da ya rubuta zai ga yana tashi sama da sauri, amma ba zai taɓa sanin ko ƙafarsa ta ƙaru ba.

6. Koyi juyi kafin ka nemi dutse

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake samun gwiwa ko a rasa ta. Yawancinmu mun tashi da babban keke marar giya, mun saba danna feda da ƙarfi a hankali, juyi 55 ko 60 a minti. Ranar farko da ka ga lambar a waya za ka yi mamaki. Masu tsere a fili suna juyi 85 zuwa 95, a hawa su sauko 70 zuwa 80. Dalili, giya mai nauyi da juyi kaɗan tsoka da gwiwa take ci, ta gaji da wuri, giya mai sauƙi da juyi da yawa kuma zuciya da huhu take ba aikin, su kuwa sun fi juriya.

Sati biyu na farko ka manta da dutse. Sau uku a sati, minti 30. Goma na farko a sauƙaƙe, sannan minti 1 a juyi 95, minti 2 a 80, ka maimaita sau biyar, sai biyar na hucewa. In ka ga kana tsalle a kan sirdi juyin ya fi ƙarfinka, rage biyar. Saki kafaɗu, kada ka damƙe kan keke, ka bar ƙugu a wuri ɗaya ƙafa kawai ke zagayawa. Sauraren ƙarar turbo ma malami ne: in kana jin wuu, wuu, wuu tana hawa tana sauka to danna kake, in ta zama murya ɗaya miƙaƙƙiya to juyinka ya fara gyaruwa.

Ma'aunin wahala kuma bakinka ne. In kana iya magana jimla cikakkiya kana cikin sauƙi, in kalma uku huɗu kawai ke fita ka shiga aikin hawa, in ba ka iya cewa komai, to ba za ka riƙe wannan fiye da ƴan mintoci ba.

7. Hawan kansa

In an ce hawa kashi 8 cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama mita 8. Dutsen da kowa ke buri a Zwift shi ne Alpe du Zwift, kilomita 12.2, tashi mita 1,036, lanƙwasar hanya 21. Kwaikwayon Alpe d'Huez ne na Faransa, wanda gasar Tour de France ta fara hawa a 1952, Fausto Coppi ɗan Italiya ya ci ranar. Gwanaye na neman gama shi ƙasa da awa ɗaya, mai farawa zai iya kai awa ɗaya da rabi ko biyu, don haka ba da shi ake soma ba. Fara da hawan minti biyar zuwa goma, ka ƙara a hankali sati bayan sati.

Mai turbo mai wayo, nauyi zai zo maka da kansa, kai dai ka sauko giya mai sauƙi kamar a hanya. Zwift na zuwa da saitin wahalar turbo a kan rabi, wato kashi 8 za ka ji shi kamar 4 a ƙafa, amma ƙarfin da ake bukata don kai wa sama bai ragu ba. Bar shi haka har ka saba. In mai wayon naka irin wanda taya ke gogawa ne, bayan minti goma na ɗumi ka yi masa gwajin daidaitawa da ke cikin manhaja.

Mai turbo na hannu, abin a juye yake, ka lura da kyau. Allon zai nuna hawa amma ƙafarka ba za ta ji komai ba, sai dai ɗan mutumin da ke tuƙi a madadinka a allon ya rage gudu. Kai za ka kawo nauyin: ƙara giya mai nauyi har juyinka ya sauko wajen 70 zuwa 75. Kuma da giyar keke za ka yi, ba da hannun maganaɗisu ba, don manhajar na lissafin ƙarfinka ne daga gudun taya a kan mataki ɗaya da ta ce ka sa, in ka taɓa shi lissafin ya rushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne afka wa gindin dutse da ƙarfi saboda wani ya wuce ka a allo. Ƙyale shi. Kashi ɗaya cikin uku na farko ka ji kamar kana ragewa kanka, na tsakiya ka riƙe, na ƙarshe ka ba da abin da ya saura. Kada juyi ya faɗi ƙasa da 60, in ya faɗi saki giya ɗaya ba kunya. Duk minti biyar zuwa goma ƙara giya biyu ka miƙe tsaye daƙiƙa 20 don jini ya zaga mazaunai, amma kada ka jefa keken hagu da dama kamar a hanya, a ɗaure yake, ƙarfen baya ne zai sha wahala.

8. In babu rezo ko forfe ya ƙare

Ba a fasa. Sanda kake da data sauke bidiyon hawan dutse daga YouTube, akwai su da yawa da aka ɗauka daga kan keke, ka aje a waya. Nan kana iya amfani da hannun maganaɗisu yadda kake so. Ga tsari na minti 45: goma ɗumi a juyi 85 zuwa 90, sannan hawa huɗu na minti 5 a juyi 70 da nauyin da ke hana ka doguwar magana, tsakaninsu minti 3 a sauƙaƙe, sauran hucewa. In ya yi sauƙi maida shi uku na minti 8, daga baya biyu na minti 15, har ka kai ɗaya na minti 40 ba tsayawa. Ranar da ka riƙe wannan ka isa tunkarar Alpe.

Wanda ba shi da turbo ma, mai walda na iya yin ƙafar da za ta riƙe keke, amma ɗaga taya kawai ba ya ba da nauyi, dole a sa ganga mai boris biyu da ƴar farfela a gefe mai kama iska. Kada ka yi dabarar matse birki don samun nauyi, gargaren zai yi zafi har tif ya fashe. Keken motsa jiki na hannu irin na gidajen wasanni shi ma na yi, sansar kadans na ɗauruwa a hannun fedarsa. Wannan ya dace da iyayenmu mata da ƴan'uwa mata da ba su fita da keke, a cikin gida za su yi abinsu.

9. Ruwa da lokaci

Bayan asuba ya fi, ko bayan isha'i. Tsakar rana a watan zafi kada ka hau ko da fanka biyu. Kurɓi ruwa duk minti goma, kada ka jira ƙishi. In tuƙin zai wuce awa, lita ɗaya ka sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Auna kanka kafin da bayan, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da za ka mayar. Da azumi sai bayan buɗa baki, abinci ya ɗan kwanta, ko bayan asham.

In ka ji jiri, ko sanyi na kama ka cikin zafi, ko zufa ta tsaya, ko ƙirji ya riƙe, sauka nan take. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, don Allah kada a yi wasa da wannan.

10. Bayan ka sauka

Minti biyar na juyi marar nauyi kafin ka tsaya, kada ka diro daga hawa kai tsaye. Sassauta ganga daga jikin taya, in ka bar ta a matse kwana da kwanaki taya za ta lotsa a wuri ɗaya ta riƙa dukan turbo. Goge zufa da tsumma mai ɗan ruwa, musamman wuyan keke da ƙarƙashin abin naɗe hannu da kusoshin sirdi. Sarƙa ka goge ta sannan ka ɗiga mai kaɗan, da hunturu mai da yawa ƙura yake tarawa. Lulluɓe turbo da tsohon zane. Kuma ka samu ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, iskar taya, matakin maganaɗisu, giyar da ka hau da ita, juyi da mintocin da ka riƙe, don sati huɗu nan gaba da shi za ka san lokacin ƙara giya ɗaya ya yi.